Takardar Sakatariya

Takarda ce suka aiko daga Sakatariya,
layi uku, kowanne da gurbinsa:
faɗin ƙasa, yawan jama'a, tarihi.
Mai unguwa ya ce, "Dogara, kai ka yi malanta,
cike mana kafin Laraba."
Na ɗauki biro na nufi gindin ɗorawa.

Faɗin ƙasa.
Ban taɓa ja mata igiya ba.
Na dai san in ka ɗauko kunu daga dutsen gabas,
wanda awaki ke kwana a ƙugunsa,
ka kai rafin yamma bai gama hucewa ba.
Kudu kurmi ne, arewa jar ƙasa mai son citta.
Amma wannan awon rani ne.
Da damina ƙasar kumbura take yi:
rafi ya haɗiye gadar katako,
Kachia ta koma bangon duniya,
mai naƙuda ta gane nisan da taswira ta ɓoye.
Wanne zan rubuta?

Yawan jama'a.
Na fara da gidan Barau: mutum tara.
Matarsa ta ce biyar, sauran suna Abuja.
To, wanda muryarsa ke zuwa ta waya duk Lahadi
amma ƙafarsa sai ƙarshen shekara,
namu ne ko nasu?
Waɗanda masaƙar Kakuri ta kira tun ina saurayi,
masaƙa ta yi shiru, su ba su dawo ba,
ɗakunansu na nan, zanzaro ke biyan haya.
Shekarar da na fara riƙe alli
yara tamanin da uku ke amsa suna.
Bana sha tara ne, biyu ma na Fulanin mashekari.

Ran Litinin na tsaya a ɗari biyu da sha ɗaya.
Cikin dare Saratu ta sauka, namiji.
Na ƙara ɗaya.
Kafin rana ta take, kuka ya tashi gidan Kaka Gimbiya.
Na soke.
Lissafi ya koma inda yake,
kamar ba a yi komai ba.

Akwai ƙidayar da ba su tambaya ba,
na yi ta don kaina a bayan takarda:
masu mafarki da yarenmu, talatin da ɗaya.
Talatin, yanzu.
Jikata na gaishe ni da shi, sai ta tsere zuwa Hausa
kamar mai tsallake garwashi.
Ban ga laifinta ba.
Ni ma ga harshen da na ara nake ba ku labari.

Tarihi.
A kan dutse muka fara, wannan kowa ya yarda.
Har yau ramukan niƙa na can, ruwan sama ke kwana ciki.
Dalilin saukowa ne gardama:
gidan Barau sun ce Bature ne ya gaji da hawa karɓar haraji,
mata sun ce ƙarya ne, wuyansu ne ya gaji da tulu.
Mutum ɗaya ce ta san sunayen gidaje bakwai na farko,
a jere, ba tuntuɓe.
Shekara goma ina cewa gobe zan je da littafi.
Jiya muka rufe ta, gabas da tsamiya.

Sai na rubuta:
ƙasa, 'yar kaɗan;
jama'a, ɗari biyu da sha ɗaya;
tarihi, mun sauko daga dutse.

Ɗan aike ya zo da babur, bai ko kashe inji ba.
Ya ninke takardar gida huɗu, ya soka aljihun gaba.
Na tsaya ina kallo har ya haye gada,
garinmu duka a ƙirjinsa,
da sauran wuri ma na goro.